Hanyar Zama Malamin Makaranta a Ƙasar Haɗeja: Daga Kwalejin Ilimi Zuwa Lasisi

Abu biyu doka ta wajabta wa duk mai son koyarwa a firamare ko sakandare a Nijeriya: takardar shaidar cewa ya koyi aikin malanta, da lasisin da ya ba shi izinin yin aikin. Takardar daga kwalejin ilimi ko jami'a take fitowa. Lasisi kuwa Hukumar Rajistar Malamai ta Ƙasa, wato TRCN, ita kaɗai ke bayar da shi. Matasa da yawa a ƙasar Haɗeja suna ɗauka da zarar takardar kwaleji ta shiga hannu an gama, sai ranar da aka buɗe ɗaukar malamai aka nemi lambar rajista, sannan su gane da sauran tafiya. Bayan waɗannan biyun akwai abin da ya fi su nauyi, shi ne iya tsayawa gaban yara a koyar da su har su gane. Dominsa aka shimfiɗa duk matakan da ke tafe.

Asalin tsarin

Horar da malaman boko a Arewa ya faro ne da makarantar da Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Daga baya aka buɗe Kwalejin Katsina a 1922, wadda ta yaye Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello, kuma dukansu sun riƙe alli kafin su shiga siyasa. An daɗe ana koyarwa a firamare da takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda aka fi sani da Giredi Tu. Rahoton kwamitin Ashby na 1960 ne ya share fagen kafa manyan kwalejojin malamai irin na Zariya da Kano, inda aka soma bayar da takardar NCE. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, yara suka cika makarantu, malamai suka yi kaɗan, sai aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna a shekarar, don ta horar da malamai suna bakin aikinsu. A 1989 aka kafa NCCE, hukumar da ke tsara manhajar kwalejojin ilimi tana kuma tantance su. Dokar da ta kafa TRCN ta fito a 1993.

Yanzu Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tsayar da NCE a matsayin mafi ƙanƙantar takardar da za a shiga aji da ita, kwalejojin Giredi Tu kuma an rufe su ko an mai da su sakandare. Tsofaffin malamai har yau suna yabon wancan horo, kuma suna da hujja. Yaro yakan shiga yana gama firamare, ya shafe shekara biyar ana tarbiyyantar da shi a kan aiki guda, wato koyar da ƙananan yara. Wannan kusanci da ajin firamare shi ne abin da ya yi ƙaranci bayan an koma NCE, kuma shi gyare-gyaren manhaja na baya-bayan nan suke neman dawo da shi.

Inda ake karatun

Masarautar Haɗeja ƙananan hukumomi takwas ce: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kiri Kasamma da Malam Madori. Ɗalibin da ya fito daga cikinsu, wurin da ya fara zuwa masa a rai shi ne Kwalejin Ilimi ta Jihar Jigawa da ke Gumel, wadda ta girmi jihar kanta, domin tun zamanin tsohuwar Jihar Kano take yaye malamai, Jigawa kuwa sai a 1991 aka ƙirƙire ta. Akwai kuma kwalejin jiha da ke Ringim, wadda ta haɗa horon malanta da karatun shari'a da na addinin Musulunci. Mai son digiri kai tsaye ba sai ya bar masarautar ba, tunda Jami'ar Sule Lamiɗo, wadda aka kafa a 2013, tana Kafin Hausa kuma tana da tsangayar ilimi. A maƙwabta akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, da ta Umar Suleiman a Gashuwa, da kwalejin tarayya ta malaman fasaha a Bichi, ga Jami'ar Bayero a Kano da ta Ahmadu Bello a Zariya. Wanda aiki ko iyali suka ɗaure shi a gida yana iya bi ta NTI, wadda ke karantarwa a cibiyoyinta a ƙarshen mako da lokacin hutu.

Kafin a biya ko sisi, a tabbatar NCCE ta amince da makarantar, kuma ta amince da ainihin kwas ɗin da za a yi, domin kwas-kwas ake tantancewa. Hukumar ta sha rufe kwalejojin bogi a sassan ƙasar nan. Wanda ya faɗa hannunsu ya yi asarar shekaru da kuɗi, takardarsa kuma TRCN ba za ta karɓa ba.

Shiga kwaleji

Ana shiga da sakamakon kammala sakandare na WAEC ko NECO ko NABTEB, ko na NBAIS ga waɗanda suka fito daga makarantun Larabci da addini. Yawan kiredit da ake nema ya sha sauyawa, don haka a duba sanarwar shekarar da ake ciki. Amma mai kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi da darussan da yake son ƙwarewa a kansu, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba, babu ƙofar da za a rufe masa. Gurbin karatu na cikakken lokaci ta hannun JAMB yake bi, ko da kwalejin ce ta zaɓi ɗalibin. Dole sunansa ya fito a shafin hukumar, ya amsa cewa ya karɓi gurbin, ya buga takardar ya adana. Ɗalibin da kwaleji ta ɗauka ba tare da sanin JAMB ba zai sha wahala ranar da ya tashi neman digiri.

Akwai wani ƙaramin abu da ke jawo babbar wahala, shi ne saɓanin suna da ranar haihuwa. Mutum guda sai a tarar Muhammad ne a takardar firamare, Mohammed a ta sakandare, a katin ɗan ƙasa kuma an sa sunan garinsu a madadin na mahaifinsa. Tun daga 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar katin ɗan ƙasa, NIN, kuma abin da ke jikinta shi zai bi ɗalibi har kan lasisinsa. Gyara tun kafin rajista ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan yawon rantsuwar kotu bayan an gama karatu.

Kwalejojin ilimi suna cikin waɗanda aka daɗe ana yanka wa mafi ƙarancin maki a jarrabawar JAMB. A 2023 da 2024 maki 100 ne cikin 400. Wannan ya sa mutane da dama suke kallon kwalejin a matsayin mafakar wanda jami'a ta ƙi, kuma illar wannan kallo a ajin firamare take bayyana bayan shekara uku. Ɗalibin da ya san Turancinsa ko lissafinsa da rauni ya gyara shi tun a shekarar farko, domin abin da mutum bai iya ba, babu dabarar koyarwar da za ta sa ya koyar da shi. Game da kuɗin karatu, akwai hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, akwai kuma asusun rancen ɗalibai na tarayya, NELFUND, da ya fara aiki a 2024.

Zaɓen kwas

A nan ne ya kamata ɗalibi da iyayensa su zauna su yi shawara sosai. Tun gyaran manhajar NCCE na 2012, an karkata horon bisa matakin da malami zai koyar: renon ƙananan yara kafin firamare, ilimin firamare, ƙaramar sakandare, ilimin manya, da ilimin masu buƙata ta musamman irin makafi da kurame. Mai karanta ilimin firamare ana horar da shi ya riƙe aji ɗungurungum, ya koyar da karatu da rubutu da lissafi da kimiyya. Mai nufin sakandare yakan haɗa darasi biyu, misali Hausa da Turanci, Larabci da addinin Musulunci, lissafi da fiziks, ko ya ɗauki guda ɗaya mai faɗi irin aikin gona ko haɗaɗɗiyar kimiyya.

Ɗalibai sukan yi cincirindo a kwasa-kwasan da ake ganin sun fi sauƙin ci, alhali kukan da hedimastoci suka fi yi na rashin malaman lissafi ne da Turanci da kimiyya, da malamin da ya iya koya wa ɗan aji ɗaya haɗa baƙi da wasali. Mai neman aiki da wuri ya dubi inda giɓin yake. Ilimin aikin gona ma yana da muhalli na musamman a wannan yanki. Yaron Auyo da ya tashi a bakin magudanan ban ruwa, ko na Guri da ya san komar kifi tun yana ƙarami, ya riga ya san rabin darasin da idonsa, malami yake jira ya haɗa masa abin da ya gani da abin da ke cikin littafi. Haka kuma mai jin Fulatanci ko Manganci ko Badanci kada ya raina wannan baiwa. Manufar gwamnati kan harshen koyarwa ta sha sauyawa, amma yaro ɗan shekara shida da harshen gidansu yake fara fahimtar duniya, kuma malamin da zai iya yi masa bayani da shi ya fi saurin kai shi ga Hausa da Turanci.

Ƙauyuka da yawa suna buƙatar malamai mata. Iyaye sun fi sakin jiki su bar 'ya'yansu mata su ci gaba da zuwa makaranta idan akwai malama a cikinta, musamman daga aji huɗu zuwa sama.

Shekaru uku na karatu

NCE ta cikakken lokaci shekara uku ce, kowace shekara zango biyu. Karatun kashi uku ne. Akwai ilimin koyarwa kansa, wanda ya ƙunshi tarihin ilimi da falsafarsa, halayyar yara da yadda suke koyo, dabarun koyarwa, tafiyar da aji, da auna fahimtar ɗalibai. Akwai darussan gama-gari irin Turanci da lissafi da kwamfuta. Sai kuma darasin da mutum ya zaɓa ya ƙware a kai. Ƙa'idar ita ce sai ɗalibi ya halarci kashi 75 cikin 100 na lacca kafin ya zauna jarrabawa, kuma maki 40 daga gwaje-gwaje da ayyukan cikin zango suke fitowa, 60 daga jarrabawar ƙarshe. Darasin da aka faɗi sai an maimaita shi.

A shekara ta biyu ake yin ƙaramin gwajin koyarwa. Ɗalibi zai tsaya gaban abokan karatunsa na 'yan mintoci ya gwada dabara guda, kamar yadda ake buɗe darasi, ko yadda ake jefa tambaya, ko yadda ake tsara rubutu a allo. Malami da abokai su faɗa masa inda ya yi daidai da inda ya kauce, ya gyara ya sake. Wasu suna ɗaukar wannan darasi wasa saboda babu yara na gaske a gabansu. Kuskure ne. Nan ne kaɗai mutum zai yi tuntuɓe ba tare da ya cuci ɗan kowa ba, kuma sai an ci shi ake tura ɗalibi makaranta.

Koyarwar gwaji

Ba a koyon tuƙin kwalekwale a tudu. Saboda haka a shekara ta uku ake tura ɗalibi wata makaranta ya shafe zango guda yana koyarwa, abin da ɗalibai ke kira TP. Wanda ya faɗi wannan ba shi da NCE, komai kyawun makinsa a sauran darussa.

Da takardar turawa ɗalibi zai je ya gabatar da kansa ga hedimasta. Za a ba shi aji da jadawalin darussa da tsarin aikin zango, a haɗa shi da malamin ajin wanda zai riƙa duba shi. Ladabi ga wannan malami riba ce, domin shi ya san yaron da ba ya ji sosai, da wanda maraya ne, da wanda sai an bi shi gida. Daga kwaleji kuma masu dubawa za su riƙa zuwa, sau da yawa ba da sanarwa ba, su zauna a bayan aji su ba da maki a kan shirin darasi, sanin abin da ake koyarwa, amfani da allo da kayan aiki, riƙe aji, murya da kamala.

Shirin darasi shi ne ƙashin bayan aikin, kuma kafin a shiga aji ake rubuta shi a kai a sa hannu. Yana ɗauke da aji da darasi da batu da tsawon lokaci, abin da yara suka riga suka sani, kayan koyarwa, matakan gabatarwa, tambayoyin auna fahimta da aikin gida. Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen rubuta manufa. Idan aka rubuta cewa yara za su fahimci rabawa, babu yadda za a auna ko sun fahimta. Idan kuwa aka rubuta cewa a ƙarshen darasi yara za su iya raba lambar da ba ta wuce 20 ba gida 2 ko gida 4, to tambaya uku a allo sun isa su nuna ko darasin ya shiga. Kayan koyarwa kuma ba sai na kanti ba. Tsakuwa da karan dawa da murafun kwalba suna koyar da ƙirga. Malamin da ya ce wa 'yan aji uku masunci ya kamo kifi 12 zai raba wa 'ya'yansa 3, zai ga hannuwa sun tashi kafin ya rufe baki.

Manufar Ilimi ta ce malami guda ga yara 35 a firamare. Ajin da ya ninka haka ba baƙon abu ba ne a yankin, wani lokaci ma babu kujeru. Mai koyon aiki ya fara da gano waɗanda suka iya karatu da waɗanda ba su iya ba, ta hanyar sa kowane yaro ya karanta 'yan baƙaƙe da kalmomi da gajeriyar jimla. Daga nan ya kasa su rukuni-rukuni, ya riƙa ba kowane rukuni aiki daidai ƙarfinsa, masu ƙoƙari su taimaki na baya. Bulala ba ta koyar da karatu, tsoro kawai take koyarwa, kuma mai dubawa zai rage maki a kanta.

Sannan ga kogi. Ruwan Kogin Haɗeja daga ƙasar Kano yake gangarowa, inda madatsun Tiga da Challawa suke riƙe da shi, ya ratsa fadamun Auyo da Haɗeja da Kiri Kasamma da Guri ya nufi Nguru da Gashuwa. A watan Agusta da Satumba yake cika, daidai lokacin da ake shirin komawa zangon farko. Ciyawar kachalla da ta toshe hanyoyin ruwa tana ƙara tura shi cikin gonaki da garuruwa, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2018 da 2020 da 2022. A irin waɗannan shekaru hanya takan yanke, wasu ƙauyukan sai da kwalekwale, azuzuwa kuma su zama masaukin waɗanda gidajensu suka rushe. Ko a shekarar da ruwa bai yi ɓarna ba, da shinkafa ta fara nuna za a ga aji ya rage, yara suna gona suna korar tsuntsun jan-baki, bayan nan ga girbi, ga ranar kasuwa, ga lokacin su.

Littafin kwaleji ba ya koyar da yadda ake tafiyar da wannan, sai dai a koya a wurin. Malami ya riƙe rajistar halarta da gaskiya, domin ita ce za ta nuna masa yaron da ya fara janyewa. Ya tsara zangonsa yadda batutuwa masu wuya ba za su faɗo a makonnin da aji ke raguwa ba, ya ware lokacin maimaici ga waɗanda suka dawo. Idan yaro ya ɗauke ƙafa, a sanar da hedimasta, a bi ta kwamitin kula da makaranta na gari, a je a gai da mai unguwa da liman, a yi wa uban yaron magana cikin girmamawa. Manomin da aka je gidansa aka ce masa, “Baba, yaron nan yana da ƙoƙari, a taimaka a riƙa sakin sa da safe,” ya fi saurin amsawa a kan wanda aka aika wa takardar gargaɗi.

Akwai masu haɗa baki da wani a makarantar a riƙa sa musu hannu ba su zo ba, sai ranar da suka ji labarin mai dubawa yana tafe. Wannan ha'inci ne ga yaran da aka ba su amana, kuma mai yin sa kansa ya cuta, domin zai fito da takarda bai taɓa riƙe aji ba.

Kammalawa

A zangon ƙarshe ɗalibi zai rubuta ɗan binciken kammalawa a ƙarƙashin kulawar malami. Gara ya ɗauki matsalar da ya gani da idonsa a makarantar da ya yi gwaji, kamar raguwar halarta lokacin girbi, da ya sayi tsohon aikin wani a shagon buga takardu. Bayan an fitar da sakamako sai a bi ofisoshi a wanke kai, a karɓi takardar sakamako ta wucin gadi, daga baya a koma a karɓi ainihin satifiket. Kada a bar shi a kwaleji shekara da shekaru. A yankin da ruwa ke shiga ɗaki, takardu a leda mai kauri ake ajiye su a wuri mai tudu, a kuma ɗauki hotonsu a adana a imel.

Rajista da lasisi

TRCN ta kasa malamai rukuni huɗu. Rukunin D na masu NCE ne, C na masu digirin farko, B na masu digiri na biyu, A na masu digirin digirgir. Wanda digirinsa ko babbar diflomarsa ba a fannin ilimi take ba, ko da injiniya ne ko masanin lissafi, sai ya ƙara da diflomar koyarwa ta bayan digiri, PGDE, wadda jami'o'i da NTI ke bayarwa, kafin a yi masa rajista.

Tun daga 2017 ba a rajista sai an ci jarrabawar cancanta ta hukumar, wadda ake yi a kwamfuta, lokaci-lokaci a cikin shekara. Ana cika takardar nema a shafin hukumar na intanet, ofishinta na jiha kuma yana Dutse. Za a nemi takardun karatu da hoto da shaidar biyan kuɗi. Kuɗin ya danganta da rukuni, kuma asusun gwamnati ake biya a karɓi rasit. Duk wanda ya ce a ba shi a hannu zai fito da lasisi ba jarrabawa, macuci ne. Tambayoyin na zaɓi ne, kuma suna zagaye dabarun koyarwa, Turanci, lissafi, sanin kwamfuta da ɗa'ar aiki, wato abubuwan da aka riga aka karanta a kwaleji. Shi ya sa ya fi kyau a zauna ta da wuri, karatu bai huce ba. Wasu kwalejoji da jami'o'i ma sukan shirya wa ɗalibansu jarrabawar tare da hukumar, a rantsar da su a taron shigar da su aikin. Wanda hannunsa bai saba da kwamfuta ba ya je cibiyar kwamfuta a Haɗeja ko Gumel ya yi atisaye na 'yan kwanaki, domin akwai masu sanin amsa da ruɗewa a gaban na'ura ke kayar da su.

Wanda ya ci zai sami abu biyu. Takardar rajista mai ɗauke da lambarsa ta dindindin ce. Lasisi kuwa wa'adinsa shekara uku, sai a sabunta, kuma ana sa ran malami ya nuna ya halarci bitoci na ƙarin sani a tsakanin. Saboda haka duk takardar bita da aka ba shi ya adana ta. Dokar hukumar ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko duka biyun, ga mai koyarwa ba rajista, kuma ta shafi makarantun kuɗi kamar yadda ta shafi na gwamnati. An taɓa sa ranar 31 ga Disamba 2019 a matsayin wa'adin ƙarshe ga marasa rajista. Zartarwa ta yi rauni a wurare da yawa, amma masu ɗaukar aiki sai ƙara neman lambar suke yi. Hukumar tana kuma da kwamitin bincike da na ladabtarwa, waɗanda ke iya soke rajistar malamin da aka samu da satar jarrabawa, takardun jabu ko lalata da ɗalibai.

Neman aiki da abin da ke biyo baya

Malaman firamare da na ƙaramar sakandare suna ƙarƙashin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, SUBEB, wadda ke aiki ta hannun sakataren ilimi na kowace ƙaramar hukuma. Babbar sakandare kuwa ma'aikatar ilimi da hukumominta ke riƙe da ita. Jigawa ta ɓullo da shirin J-Teach a zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar, inda ake ɗaukar masu NCE da digiri su koyar a kan alawus, kuma gwamnatin Umar Namadi ta mai da wasu daga cikinsu ma'aikatan dindindin. Ɗaukar aiki a yanzu yakan zo da jarrabawa da ganawa, wani lokaci har a ce mutum ya koyar a gani. Abin da ya faru a Kaduna a 2017, inda malaman firamare sama da 21,000 suka faɗi gwajin da gwamnatin jihar ta yi musu, ya nuna cewa takarda kaɗai ba ta tsare wa kowa kujerarsa.

A tsarin aikin gwamnati mai NCE yakan fara a mataki na 7, mai digiri a na 8. Sabon malami ya sa a ransa ƙauye za a tura shi, domin can giɓin yake, har da makarantun 'ya'yan makiyaya da masunta, waɗanda aka kafa musu hukuma ta tarayya a 1989. Neman sauyin wuri tun ba a kama aiki ba shi ne ke tara malamai a cikin gari ya bar makarantun bakin kogi da malami ɗaya ko biyu. Hukumomi ma suna da nasu aikin a nan. Ɗan gari ko 'yar gari da aka ɗauki nauyin karatunsa aka dawo da shi mazaɓarsa ya fi zama, kuma ambaliya ba ta hana shi isa makaranta kamar wanda ke zuwa daga nesa.

Mai NCE da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a daga aji biyu ta hanyar shiga kai tsaye ta JAMB, ko ya yi digiri na lokacin hutu yana bakin aiki, bayan ya sami izini a rubuce daga hukumar da ta ɗauke shi. Dokar 2023 ta ba kwalejojin ilimi na tarayya ikon bayar da digiri tare da NCE. Dokar tarayya ta 2022 kuma ta kai ritayar malami shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki, duk wanda ya riga cika, kowace jiha da yadda ta shigar da ita cikin tsarin aikinta. A ƙarƙashin wannan doka, wanda ya kama aiki yana ɗan shekara 25 yana iya shafe shekara 40 a aji, kuma a tsawon wannan lokaci zai sabunta lasisinsa sau 13.